Kabad Ɗin Zaure: Yadda Aikin Neman Littattafai Iri-iri Yake Tafiya

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau kafinta ya kawo kabad ɗin, mun jingina shi a zaure ta gefen da feshin ruwa ba ya kaiwa. Aikin da na ɗora wa kaina a bana shi ne in cika shi da littattafai iri daban-daban, ƙagaggu da na gaskiya, yadda duk wanda yake unguwarmu ta Tudun Wada a nan Zariya zai zo ya ara ya tafi gida da shi, ba ko sisi.

Ina koyar da Hausa a sakandare, kuma duk shekara nakan tambayi sababbin ɗalibai abin da suka karanta wanda ba na jarrabawa ba. Amsar ba ta cika sauyawa ba. 'Yan mata su ce labaran soyayya a waya, samari su ce na yaƙi ko su yi shiru, iyayensu kuma littattafan addini. Babu abin ƙi a cikin waɗannan. Abin da yake damuna shi ne yawancinsu sun ɗauka iyakar abin da aka rubuta da Hausa ke nan, wai mai son tarihi ko kimiyya ko labarin tafiya sai ya nemi Turanci. Na sha faɗa musu ba haka ba ne, amma maganar baki ba ta kama yaro kamar ya riƙe littafin a hannunsa.

Tsarin Dewey da manyan ɗakunan karatu suke bi, wanda ya kasa ilimi gida 10 tun 1876, ya fi ƙarfin zaure. Sai na rubuta sunayen da kowa zai gane a 'yan takardu na manna a kowane hawa. Na sama ƙagaggun labarai, sai waƙa da wasan kwaikwayo, sai tarihi, sai rayuwar mutane da tafiye-tafiye, sai kimiyya da sana'a, na ƙasa kuma na yara, daidai inda hannunsu zai kai. Fiƙihu da hadisi ban ware musu hawa ba, don kowane gida yana da su, kuma a gaban malami ya kamata a karance su. Na kuma sayi babban littafi mai layi na rajista. Bayan suna da ranar dawowa, na bar fili a ƙarshe inda zan rubuta abin da mai aro ya ce game da littafin.

Asabar, 18 ga Janairu

Da abin da yake gida na fara. Na buɗe adakar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, na tarar da littattafan gasar 1933 a ɗaure da zare, bangonsu ya yi laushi amma rubutun garau.

A waccan shekarar ce Rupert East, wanda yake riƙe da Hukumar Fassara a nan Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Biyar aka buga. Na sake karanta su a jere cikin makon nan, abin da ya tsaya mini kuma shi ne babu guda biyu da suka yi kama da juna. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam yawon duniya ne da raha da wayo. Ganɗoki na yayansa Bello Kagara ya faro da yaƙin Turawa na gaske, da Bida da Kwantagora, sannan ya zarce ƙasashen aljanu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labarin bauta ne da ƙetare Sahara da uwar da ta bi sawun ɗanta, a natse aka ba da shi, ba wasa a ciki. Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da East, mai kuɗi ne ya ƙwace wa wani budurwa aka shiga ramuwar gayya. Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo kuwa ɓarayi ne da dabarunsu. Ashe tun ranar farko zubenmu da rassa ya fito. Wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa ƙwarai, don ya nuna abin da nake nema yana nan, warwatsewa kawai ya yi.

A ƙasan adakar akwai Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji da wasu tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Janairun 1939. Jaridun sun yi rauni, ba za su jure aro ba, na sa su a leda sai dai a duba a zaure.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kano. Na fara da masu littattafai na wajen Bata da Kasuwar Sabon Gari, inda a da tebur bayan tebur littattafan Hausa ne masu bangon hoto. Yanzu yawanci littattafan makaranta ne da takardun tambayoyin jarrabawa. Wani dattijo da ya daɗe a harkar na tsaya wa.

"Baba, ina 'yan littattafanmu na Hausa suka shiga?"

"Malam, ai waya ta cinye kasuwar. Da, in sabo ya fito, kafin la'asar 'yan sari sun kwashe. Yanzu marubuciya a WhatsApp take sakin nata, ka tura kuɗi a sa ka a rukuni."

Ya jawo buhu daga ƙarƙashin tebur ya zazzage mini a kan tabarma. Wahalar waɗannan littattafan ita ce kashi-kashi ake buga su, na 1 da na 2 da na 3, sai ka samu na farko da na ƙarshe babu na tsakiya. Mun daɗe muna haɗa su ni da yaronsa. Duk wanda bai cika ba na bar shi, don ba zan ba mutum labari ya yanke masa a tsaka ba.

Ina so in tsaya a kan waɗannan littattafan da ake yi wa kuɗin goro a ce na soyayya. Sunan ya rufe abubuwa da yawa. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino soyayya ce, amma jigonsa tazarar da take tsakanin mai kuɗi da talaka. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, yarinya ce aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole, kuma da wuya ka samu wata lacca a kan ilimin mata da ta shiga gidaje kamar yadda ya shiga. A cikin buhun nan na ga rikicin gado, da zaman kishiyoyi, da maraici, da cuta mai daɗewa, da 'yan damfara. Matan da suka rubuta su sun ajiye mana hoton cikin gidan Bahaushe na shekarun 1990 wanda babu wani littafin tarihi da ya ajiye. Don haka ban jera su a matsayin iri ɗaya ba, na rarraba su gwargwadon abin da suke magana a kai.

A wajensa kuma na samu biyu daga cikin waɗanda suka fito a 1982: Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, a kan ta'addanci da makaman da suka bazu bayan yaƙin basasa. Na biyun ba na yara ba ne, zai zauna a hawan sama.

Kafin in kamo hanya na biya Kasuwar Kurmi na sayi 'yan ƙasidun waƙoƙi na ajami. Akwai dattawa a unguwarmu da boko yake yi musu nauyi, ajami kuwa kamar ruwa, bai kamata kabad ɗin ya manta da su ba.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

An fara aro. Matan aure ba sa fitowa zaure, sai uwargida ta ɗauki nauyin nasu, takan zuba wasu a jaka ta tafi da su Islamiyya, ta dawo da saƙon abin da ake so.

Ga dabarar da nake bi. In mutum ya dawo da littafi, ba na tambayarsa ko ya ji daɗi, kowa "e" zai ce. Nakan tambaye shi wane wuri ne ya fi tsaya masa a rai, amsar ita take nuna mini wanda zan miƙa masa na gaba. Wanda ya saba da miyar kuka ba a fara masa da abin da bai taɓa gani ba, kuɓewa ake zuba masa. Wani saurayi da ba ya karanta komai sai littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini na ba shi Ganɗoki. Ya dawo yana tambaya, "Malam, wai yaƙin Kwantagoran nan da gaske an yi shi?" Na ce an yi, a 1901, kuma bayansa Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, aka ƙare a Burmi a watan Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Da kansa ya sauko hawan tarihi.

Asabar, 15 ga Maris

Tsakiyar azumi. Aron labarai ya ja baya, kowa yana kan Alƙur'ani da tafsiri, haka kuma ya dace. Hawan waƙa ne ya motsa. Infiraji na Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya, bai kwana a kabad ba tun da wata ya kama, don tsofaffi da yawa sun haddace baitocinsa daga bakin almajirai amma ba su taɓa ganinsu a rubuce ba. Uwargida ta ce mata suna tambayar waƙoƙin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru, inda malamai mata da ake kira jajis suke kai karatu ƙauyuka ga matan da ba sa iya zuwa. Ta rasu a 1864. Ina neman bugun da ya tattara na Hausarta kaɗai.

Bayan tarawihi na zauna da limaminmu na ba shi labarin aikin. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai mu ma a zaure muna da namu labaran." Ya shiga ya fito da Muƙamatul Hariri, muƙama 50 na Abu Zaidi mai wayo da iya zance, wadda ɗaliban lugga suke karantawa tun kaka da kakanni. Duk wanda ya san ta, in ya karanta Ruwan Bagaja zai ji ƙamshinta. Ya kuma ambata mini Hayyu bin Yaƙzan na Ibnu Ɗufail, mutumin Andalus na ƙarni na 12, labarin jaririn da barewa ta rena a tsibiri shi kaɗai har ya kai ga sanin Mahalicci ta hanyar lura da tunani. Ga ƙagaggen labari, ga falsafa, ga nazarin halitta a littafi guda. Ya yi alkawarin bayan salla zai riƙa fassara wa samari shi da baki daren Alhamis. Na buɗe ɗan gefe na Larabci a kabad saboda ɗaliban Islamiyya.

Asabar, 12 ga Afrilu

Wannan watan na ba hawan rayuwar mutane da tafiye-tafiye, kuma shi ne ya fi faranta mini rai zuwa yanzu.

Na shiga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, tare da wani abokina da yake aiki a can, don in ga abin da ya kamata in nema a waje. A nan na karanta labarin Dorugu. Yaro ne daga ƙasar Damagaram, aka kama shi bawa, aka 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth, matafiyi Bajamushe, har Ingila a 1855. Wani ɗan mishan mai suna Schön ya zaunar da shi ya rubuta abin da ya faɗa da Hausa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Mun saba karanta yadda Turawa suka gan mu. A nan Bahaushe ne ɗan saurayi yake kallon Turawa, yadda suke cin abinci, yadda suke sa tufafi, yadda suke zama da matansu, yana faɗin abin da ya ba shi mamaki. Tsohuwar Hausa ce da tsohon salon rubutu, sai an yi haƙuri, amma muryarsa tana nan da ranta. Tun da littafin ya tsufa har ya zama na kowa, na sa an buga mini sashen nasa an ɗinke.

Kusa da shi na ajiye Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin zuwan Abubakar Imam Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano. Mutum uku, zamani daban-daban, ƙasa ɗaya suka je, kowa da abin da idonsa ya ɗauko. Ga ɗaliban Larabci kuma akwai tafiyar Ibnu Baɗuɗa, matafiyin nan ɗan Maroko, wanda ya iso Takadda, a ƙasar Nijar ta yau, a 1353 ya ga ana haƙar jan ƙarfe ana kaiwa har Gobir.

Wanda ya fi kowanne yawo a hannun mata shi ne labarin Baba ta Karo. Tsohuwa ce da ta ba wata Baturiya, Mary Smith, tarihin rayuwarta a 1949 da 1950 a ƙasar Zazzau, aka buga da Turanci a 1954, daga baya aka fito da shi da Hausar da ta faɗe shi. Ta ga zamanin hare-haren bayi, ta ga zuwan Turawa, ta yi aure-aure, ba ta haihu ba amma ta rena 'ya'yan dangi. Ta yi maganar ƙawance da bori da bikin suna da sakin aure yadda mace take yi wa 'yar'uwarta. Wata yarinya da ta karanta Wa Zai Auri Jahila? ita na fara ba shi. Abin da ta ce na rubuta a rajista: ta zaci ƙagagge ne, da ta gane gaskiya ne sai ta je ta zauna wajen kakarta tana yi mata tambayoyi. In da wannan kaɗai kabad ɗin ya haifar, kuɗin katako ya fita.

Asabar, 3 ga Mayu

Hawan kimiyya da sana'a har yanzu kusan wayam yake.

Abin da na samu kaɗan ne. Akwai Ikon Allah na East da Imam, wanda ya yi bayanin halittu da tsirrai da sararin sama da Hausa mai daɗi, amma ilimin ya yi gaba tun lokacin. Akwai 'yan ƙasidun noma na NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma ta Samaru, waɗanda wani malamin gona ya ba ni, manoman unguwa kuma sun karɓe su hannu bibbiyu tun da damina ta matso. Na jingina Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a bakin hawan, ko da yake ƙagagge ne. A 1969 ya fito, shekarar da mutum ya taka wata, labarin yaron da aka ɗauka zuwa sararin samaniya. Yaran da suka karanta shi sukan dawo da tambayoyi a kan taurari, ni kuma ba ni da littafin Hausa na yau da zan miƙa musu.

Tambayoyin da suka fi yawa a wannan hawan ba na yara ba ne. Wani matashi mai haɗa wutar sola ya ce, "Malam, akwai wanda zai nuna mini lissafin batir da faranti da inbata da Hausa?" Wata Hajiya ta aiko tana son wanda zai yi mata bayanin abincin mai ciwon suga da irin cimarmu, tuwo da fura da ƙosai. Wata kuma a kan renon yaro mai sikila. Duk na ce su yi mini haƙuri. Mutanen nan a shirye suke su karanta, har su saya. Muna da likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a masu jin Hausa kamar me, suna bayani mai kyau a rediyo, amma maganar rediyo iska take bi. Ina ganin a nan babban giɓinmu yake, ya fi na ƙagaggun labarai nesa ba kusa ba.

Don kada hawan ya zauna shiru, na zana hatimin lissafi na gida tara na manna, lambobi 1 zuwa 9, ta kowane layi ka tara 15 za ka samu. A ƙasa na rubuta sunan Muhammadu al-Kashinawi, malamin Katsina da ya yi rubutu a kan irin wannan lissafi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Yara sun kwafe, yanzu suna ta fama da mai gida 25.

Asabar, 21 ga Yuni

Ruwa ya zauna. Na ɗaga kabad a kan bulo saboda danshi da gara, na zuba kafur a kowane hawa. Waɗanda bangonsu ya fita na kai wa mai ɗinkin littattafai a Sabon Gari.

Ɗan baffana da yake fatauci tsakanin nan da Maraɗi ya zo babbar salla da tsaraba: 'yan littattafan karatu na Hausa da aka buga a Nijar, masu tatsuniyoyi da bayanin kiwo da tsabtar ruwa. Yara sun ɗan yi tuntuɓe da wasu kalmomi na Hausar can, suka saba nan da nan. Ya kuma kawo Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito da Faransanci a 1980, a kan Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Dogonduci, wadda ta tsaya wa rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a wannan tafiyar. Saurayin nan na Ganɗoki bai taɓa jin wannan labari ba, ni ma a makaranta ba a koya mana shi ba. Tarihin ƙasar Hausa guda ne, amma rabinsa da Turanci aka rubuta, rabi da Faransanci, kowane ɓangare ya san nasa kawai. Akwai malamar Faransanci a layinmu, ta karɓi littafin za ta riƙa ba mata labarin babi-babi.

Asabar, 19 ga Yuli

Na Turanci ba su ba ni wahala ba. Masu gwanjon littattafai na bakin titin Samaru suna da su tuli, kuma da sauƙin kuɗi in ka iya tono. Na fi neman jerin marubutan Afirka na kamfanin Heinemann, masu bango ruwan lemo, wanda aka fara a 1962, da ƙananan Pacesetters da muka yi rububinsu muna sakandare. Na zaɓi waɗanda suka taɓo ƙasarmu don su zama mashiga: na Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, a kan Fulani makiyaya, da na Zaynab Alkali na 1984 a kan 'yan matan ƙauye da burinsu. Wanda ya gama waɗannan sai in tura shi Senegal ko Sudan ko Kenya.

Fassara ma tana da nata wuri. Na samu Gandun Dabbobi, wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya juyo daga littafin George Orwell a 1975. Wani tela da ya ara ya dawo yana rantsuwa cewa da 'yan siyasarmu ake, da ƙyar ya yarda Bature ne ya fara rubuta shi a kan wata ƙasa can daban. Har yanzu ina cigiyar Daren Sha Biyu, fassarar Ibrahim Yaro Yahaya daga Shakespeare.

Hutu ya kusa, na kuma lura wasan kwaikwayo ba ya aruwa, mutane sukan buɗe su ga sunaye a gefe su mayar. Sai na tara yara da yamma na raba musu Uwar Gulma, kowa ya ɗauki mutum guda yana karantawa da murya. Zaure ya cika har waje. Na yara ƙanana kuwa na cika shi da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, da labarai masu hoto da na sauko da su kyauta daga shafin intanet na African Storybook na buga na sa musu leda.

Asabar, 9 ga Agusta

Na zauna da rajista daga shafin farko. Ƙagaggun labarai ne kan gaba a aro, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da na fi dubawa shi ne sawun kowane mutum, daga ina ya faro, ina ya kai. Masu tsallakawa daga hawa zuwa hawa sun fi yadda na zata, kuma kusan dukkansu ta hanya ɗaya suka bi: labari ya tayar musu da tambaya, tambayar ta kai su littafin gaskiya. Daga soyayya zuwa rayuwar mata, daga yaƙi zuwa tarihi, daga tarihi zuwa waƙoƙin Sa'adu Zungur. Akwai kuma masu komowa ta baya, kamar dattijon da ya fara da ajami da tarihin Kano, yanzu jikarsa tana karanta masa Shaihu Umar da dare. Waɗanda ba su motsa daga hawansu ba ban matsa musu ba, karatu suke yi.

Wasu littattafan sun tafi ba su dawo ba, ciki har da Ƙarshen Alewa Ƙasa, wanda samunsa da wuya. Daga yanzu masu wuyar samu a zaure za a karanta su.

Abin da ya rage a gaba: gajerun labarai ba su da wakili sosai, zan nemi waɗanda suka fito daga gasar Hikayata ta mata da BBC Hausa take yi tun 2016. Zan je Gidan Arewa a Kaduna neman tarihin masarautu da na 'yan kasuwa da malamai mata. Marubutan waya kuma uwargida tana tattara sunayen waɗanda mata suka fi yabawa, za mu nemi izininsu mu buga kwafi ɗaya-ɗaya na zaure.

Hawan kimiyya ba zan jira wani ya cika mana shi ba. Na yi magana da ubangidan matashin nan mai sola, ya yarda zai riƙa zuwa ranar Lahadi bayan la'asar yana bayani ina rubutawa, daga auna wutar da gida yake ci har zuwa zaɓen batir, sannan ya duba ya gyara kafin a buga. Wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya a bayan layinmu ta ce ita ma za ta yi na ciwon suga tare da uwargida, in an gama a kai wa likita ya tantance. Za mu fara na sola ranar Lahadi, 17 ga wata, in Allah Ya kai mu.